RITAYAR AJIYA: WATA DABARAR FANSHO TA 'YAN SANDA DA 'YAN KWANA-KWANA A AMURKA

GABATARWA

A watannin ƙarshe na shekarar 2016, wani abu ya faru a birnin Dalas na Jihar Teksas ta ƙasar Amurka, wanda ya tayar da hankalin hukuma da na mazauna birnin baki ɗaya. Tsofaffin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, har da waɗansu da suka ajiye aiki takanas saboda wannan dalili, suka yi ta tururuwa zuwa ofishin asusun fanshonsu, kowa yana neman a ba shi ajiyarsa. Cikin wata huɗu kacal suka kwashe wajen dala miliyan 500. Abin har ya kai ga magajin garin, Mike Rawlings, ya shigar da ƙara a kotu yana roƙon a rufe ƙofa, domin in aka ci gaba da ɗiba haka, to waɗanda ke baya ba za su tarar da komai ba.

Kuɗin da aka yi wa wannan rububi kuwa ba fansho ba ne irin wanda muka sani, wanda ake biya wata-wata. Wata ajiya ce ta musamman da ta taru ta hanyar wani shiri da Amurkawa suke taƙaita sunansa da haruffan DROP. Ma'anar sunan ita ce shirin da ke bai wa ma'aikaci zaɓin jinkirta barin aiki bayan lokacin ritayarsa ya yi. A cikin wannan maƙala za a kira shi "ritayar ajiya", domin kuwa abin da ke aukuwa ke nan: mutum ya yi ritaya a takarda, ya ci gaba da zuwa aiki, ana ajiye masa fanshonsa har ranar da zai tafi gida.

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a bayyana yadda shirin yake, da dalilin da ya sa aka ƙago shi, da kuma yadda ya kusa durƙusar da asusun Dalas alhali a waɗansu wurare yana tafiya ba tare da wata babbar hayaniya ba. Abin da ake son mai karatu ya lura da shi shi ne, an tallata shirin a kan cewa ba zai ci wa kowa ko kwabo ba, amma gaskiyar wannan magana ta dogara ne ga waɗansu sharuɗɗa uku. Duk inda aka sassauta su, to wani zai biya, kuma galibi ba wanda ya ci moriyar ba ne.

FANSHO IRI BIYU

Kafin a fahimci ritayar ajiya, wajibi ne a bambance tsarin fansho iri biyu. Na farko shi ne wanda ma'aikaci da hukumar da yake wa aiki suke zuba wani kaso na albashi a wani asusu mai sunansa, ana juya kuɗin, ranar da ya bar aiki abin da ya taru shi ne nasa, ko da yawa ko kaɗan. Irin wannan ne Nijeriya ta koma wa da dokar gyaran fansho ta shekarar 2004. Na biyu shi ne wanda iyayenmu suka sani kafin wannan doka, watau wanda hukuma take yin alkawarin biyan wani adadi sananne kowane wata har mutum ya koma ga Mahaliccinsa. Ana lissafa adadin ne da yawan shekarun aiki da kuma albashin ƙarshe.

Yawancin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana na Amurka suna kan tsari na biyu ne. Kowace jiha, da kuma manyan birane da dama, suna da nasu asusun, wanda ya yi kama da rumbun gandu: ma'aikata suna zubawa, hukumar birni tana zubawa, wakilai suna juya dukiyar a kasuwar hannun jari da gidaje da filaye, sannan daga cikinta ake biyan duk wanda ya tsufa. Babu wanda yake da nasa buhun daban a cikin rumbun. Har ila yau, da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata, ciki har da na Dalas, ba sa cikin shirin tallafin tsufa na gwamnatin tarayya wanda sauran ma'aikatan ƙasar suke dogara da shi. Watau in rumbun ya ƙone, ba su da wani.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da waɗannan sana'o'i biyu. Saboda wahalar aikin da haɗarinsa, ana ba su damar yin ritaya da wuri, sau da yawa bayan shekara 20 ko 25 na aiki, ko kuma da zarar mutum ya kai shekara 50 ko 55 da haihuwa. Wanda ya shiga aiki yana ɗan shekara 25, to yana iya fita yana ɗan 50, da sauran ƙarfinsa. Da yawa sukan karɓi fanshonsu su tafi wani gari ko wani kamfani su kama sabon aiki, su haɗa albashi da fansho. Ta haka birni yakan rasa mai binciken laifi da ya san kowane lungu, ko shugaban 'yan kwana-kwana da ya ga gobara iri-iri, a daidai lokacin da gwanintarsa ta nuna. Sai kuma a ɗauki sabon yaro a kashe kuɗi a horar da shi, a jira shekaru kafin ya goge.

Wannan matsala ce ta haifi ritayar ajiya. An fara ta a Baton Ruj ta Jihar Luwiziyana a farkon shekarun 1980, ta bazu a wannan jiha, sannan a shekarun 1990, lokacin da kasuwar hannun jari take garawa kuma asusun fansho suke cike, ta yaɗu zuwa sauran wurare. Dalas ta ɗauke ta a 1993, Jihar Fulorida a 1998, Filadelfiya a 1999, Los Anjalis kuma a 2002. Hikimar da ke ciki mai sauƙi ce: tun da dai mutumin nan zai haɗa albashi da fansho a wani wuri, me zai hana ya haɗa su a nan gida?

YADDA SHIRIN YAKE TAFIYA

Ranar da ma'aikaci ya cika sharuɗɗan ritaya, sai ya je ya sa hannu cewa ya shiga shirin. Daga wannan rana abubuwa uku suke faruwa. Na ɗaya, ana lissafa fanshonsa a tsayar da shi cak, kamar dai ya bar aiki ran nan. Duk shekarun da zai ƙara yi, da duk ƙarin girma ko na albashi da zai samu, ba za su shiga lissafi ba. Na biyu, yana ci gaba da sa kayan sarki yana karɓar albashinsa kamar kullum. Na uku, fanshon da ya kamata a riƙa ba shi wata-wata, sai a riƙa rubuta shi a wata ajiya mai sunansa a cikin asusun, ana ɗora masa kuɗin ruwa. In wa'adi ya cika, sai ya ajiye aiki da gaske, a damƙa masa ajiyar, sannan a fara biyansa fanshon nan da aka tsayar. A mafi yawan wurare, in mutum ya sa hannu ba ya iya janyewa.

Bari a kawo misali na ƙiyasi domin abin ya fito fili. A ɗauka ga wani ɗan sanda mai shekara 50 da haihuwa, ya yi shekara 25 yana aiki, albashinsa dala 80,000 a shekara. A ɗauka kuma ƙa'idar asusunsu ita ce kowace shekara ta aiki tana ba shi kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ƙarshe. Shekara 25 ke nan sun ba shi kashi 62 da rabi, watau dala 50,000 a shekara. In ya shiga ritayar ajiya ta shekara biyar, za a tara masa dala 250,000. In an ɗora ruwan kashi 5 cikin ɗari a ƙarshen kowace shekara, kuɗin zai kai kimanin dala 276,000. Yana ɗan shekara 55 zai tafi gida da wannan dunƙule, da kuma fanshon dala 50,000 a shekara.

To, in da bai shiga ba fa, ya dai ci gaba da aikinsa na shekara biyar ɗin kamar kowa? Shekarunsa na aiki za su zama 30, watau kashi 75 cikin ɗari. In albashinsa ya hau zuwa dala 90,000 a wannan tsakani, fanshonsa zai zama dala 67,500 a shekara. Bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu shi ne dala 17,500 kowace shekara har ƙarshen rayuwa. In aka raba dala 276,000 da wannan adadi, za a samu wajen shekara 16. Ma'ana, in ba a sa ribar da zai iya samu daga juya dunƙulen a lissafi ba, mutumin da ya rayu fiye da shekara 16 bayan barin aiki ya yi hasara da shigarsa shirin, wanda kuma bai kai haka ba ya ci riba, shi ko magadansa.

Ashe ke nan, a asalinsa shirin musaya ce: ma'aikaci ya sayar da ƙarin fanshon gobe, ya karɓi dunƙulen yau. Mai son biyan bashin gida, ko kai 'ya'ya jami'a, ko barin wani abu ga iyali, zai ga dunƙulen ya fi masa. Wannan ba baƙon tunani ba ne ga duk wanda ya ga yadda tsofaffin ma'aikatanmu suke ɗokin garatuti.

SHIN DA GASKE BA YA CIN KOMAI?

Masu kawo shirin a kowane birni sukan ce asusu ba zai yi hasara ba, domin kuɗin da ake rubutawa a ajiya, da ma kuɗin da za a biya ne in da mutumin ya tafi. Wannan magana gaskiya ce, amma ga mutum iri ɗaya kawai, watau wanda da ma ya ɗaura niyyar tafiya yana ɗan 50. Shi kam asusu bai ƙara komai a kansa ba in ban da ruwa, birni kuma ya tsira da gwaninsa.

Amma akwai mutum na biyu, wanda ko da shiri ko babu shiri, da ma sai ya kai 55 zai tafi. Shi wannan ba a riƙe shi ba, domin ba ya kan hanyar fita. Abin da ya canza kawai shi ne an fara lissafa masa fansho shekara biyar kafin lokacin da ya kamata. Ko asusu ya ci riba a kansa ko ya faɗi, ya danganta ga ƙarin fanshon da ya sarayar. A wurare da yawa fansho yana da ƙololuwar da ba ya wucewa, ta yadda bayan wasu shekaru ƙarin aiki ba ya ƙara komai. Wanda ya riga ya kai wannan matsayi, in ya shiga shirin bai sarayar da wani abin kirki ba, dunƙulen ya zama ƙari ne tsantsa daga rumbu.

Daɗin daɗawa, zaɓi yana hannun ma'aikaci ne, kuma kowa ya fi kowa sanin kansa. Wanda yake sa ran babban ƙarin girma ba zai yarda a tsayar masa da fansho ba. Wanda ya san ya kai iyakarsa, ko kuma lafiyarsa ba ta da ƙarfi, shi zai shiga. Kowa yana ɗaukar hanyar da ta fi masa, kuma abin da ya fi wa kowa ɗaya-ɗaya, shi ne ya fi tsada ga asusu. Wannan ne ya sa masana lissafin fansho suke shan wahala wajen faɗin ainihin abin da shirin ya ci, domin sai sun yi hasashen ranar da kowane mutum zai tafi in da babu shirin, abin da ba wanda ya gani. A Filadelfiya, wani nazari da masana na Kwalejin Boston suka gabatar a 2010 ya ce shirin ya ci wa birnin dala miliyan 258 tun daga 1999. Masanan da majalisar birnin ta ɗauko daga baya suka ce abin bai wuce wajen miliyan 100 ba. Sun saɓa a kan adadi, amma babu wanda ya ce kyauta ne.

Duk da haka, irin wannan tsada abu ne da asusu mai lafiya zai iya ɗauka. Abin da ke kashe asusu yana wajen sharuɗɗan nan uku da aka ambata: tsawon wa'adi, da yawan ruwa, da kuma abin da za a yi da ajiya bayan mutum ya bar aiki. A nan ne labarin Dalas ya zama abin nazari.

ABIN DA YA FARU A DALAS

A mafi yawan wurare wa'adin shirin shekara uku ne zuwa biyar, wasu su kai takwas. A Dalas ba a sa wa'adi ba. Mutum yana iya zama a ciki iyakar zamansa a bakin aiki. A mafi yawan wurare ruwan ba shi da yawa, ko kuma yana bin abin da asusu ya samu. A Dalas an yi alkawarin kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari a kowace shekara, ko asusu ya ci riba ko ya faɗi. Sannan a wurare da yawa in mutum ya bar aiki sai ya kwashe ajiyarsa ya san inda zai kai ta. A Dalas an yarda ya bar ta a ciki tana ci gaba da haihuwa, kuma ya zo ya ɗiba duk lokacin da ya ga dama.

Mai karatu ya dubi abin da wannan yake nufi. Kuɗin da ake ɗora wa ruwan kashi 8, ana kuma ɗora ruwa a kan ruwan, yana ninka kansa cikin wajen shekara tara. Ɗan sandan misalinmu mai dala 50,000, in ya zauna shekara 15 a irin wannan shiri, ajiyarsa za ta haura dala miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Haka kuwa aka yi: ɗaruruwan mutane suka wayi gari da fiye da dala miliyan ɗaya a ajiya. Babu bankin da ke ba da irin wannan ruwa ba tare da haɗari ba, saboda haka ba mai hankalin da zai cire kuɗinsa. Asusun da aka kafa domin biyan fansho sai ya rikiɗe ya zama banki, kuma bankin da ya fi kowane kyauta. Zuwa farkon 2016, ajiyar ta kai wajen dala biliyan ɗaya da rabi, watau fiye da rabin duk dukiyar da asusun ya mallaka.

Wanda ya yi alkawarin kashi 8, tilas ya nemo inda zai sami fiye da haka. Shugabannin asusun sai suka karkata ga harkokin da ake zaton suna da riba mai tsoka: gidajen alfarma a tsibirin Hawayi, da wurin shaƙatawa a yankin gonakin inabi na Kalifoniya, da makeken fili a Jihar Aidaho, da kuma wani bene mai hawa 42 na gidajen masu hannu da shuni a tsakiyar Dalas, wanda ya ci wajen dala miliyan 200. Irin wannan dukiya tana da aibi biyu. Ba a sanin ainihin darajarta sai ranar sayarwa, kuma ba ta sayuwa da gaggawa. Shekara da shekaru littattafan asusun suna nuna ta da tsadar da ba ta kai ba. Bayan da shugaban asusun ya sauka a 2014, aka sake kimanta kadarorin, sai ga hasarar ɗaruruwan miliyoyi ta bayyana. Masana suka yi gargaɗin cewa in ba a yi gyara ba, rumbun zai ƙare ƙarƙaf wajen shekarar 2030 ko kafin haka.

A watan Agusta na 2016 wakilan asusun suka fito da shawarar gyara, wadda ta haɗa da taƙaita ɗibar ajiya. Jin haka ke da wuya sai kowa ya ce iya ruwa fid da kai. A nan ya kamata a yi wa mutanen nan adalci. Ba su saci komai ba. Abin da doka ta ba su suka nema, kuma kowannensu ya san in ya yi jinkiri wani zai riga shi. Wata guda kafin haka, ranar 7 ga Yuli, wani ɗan bindiga ya kashe 'yan sanda biyar a tsakiyar birnin, saboda haka mutane ne da suka san abin da aikin yake ci. Sai dai kowace dala da ta fita ta ƙara raunana rumbun da abokan aikinsu matasa suka dogara da shi, kuma da yake fili da bene ba sa sayuwa a kwana ɗaya, kadarorin kirki masu saurin sayuwa aka riƙa sayarwa ana biya. Gogaggun ma'aikata da yawa suka ajiye aiki domin su sami damar ɗiba. Shirin da aka ƙago domin ya riƙe gwanaye, shi ne ya kore su a ƙarshe.

A watan Disamba aka dakatar da ɗibar manyan kuɗi. Asusun ya nemi birni ya agaza masa da dala biliyan ɗaya da miliyan ɗari, adadin da ya yi kusa da duk abin da birnin yake kashewa a shekara wajen ayyukansa na yau da kullum. Kamfanonin da ke auna amincin masu cin bashi suka rage wa Dalas daraja. Daga ƙarshe majalisar dokokin Teksas ta shiga tsakani, Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a dokar gyara a ƙarshen watan Mayu na 2017.

Dokar ta ɗaure duk igiyoyin da aka kwance. Ta sa wa'adin shekara goma. Ta soke ruwa ga waɗanda ke cikin shirin suna bakin aiki. Ta hana ɗibar ajiya a dunƙule, ta mai da ita biyan kaɗan-kaɗan gwargwadon shekarun da ake ƙiyasin mutum zai rayu. Bayan haka ta ɗaga shekarun ritaya zuwa 58, ta ɗaga abin da ake yanka daga albashin ma'aikaci zuwa kashi 13 da rabi cikin ɗari, na birni kuma zuwa kashi 34 da rabi, sannan ta sake fasalin wakilan asusun ta yadda magajin gari ne yake naɗa shida daga cikin goma sha ɗaya. Waɗansu tsofaffin ma'aikata sun kai ƙara suna cewa an taɓa musu haƙƙin da tsarin mulkin jihar ya kare, amma a 2020 Kotun Ƙoli ta Teksas ta yanke cewa canza hanyar biya bai saɓa wa tsarin mulkin ba.

In aka duba wannan doka da kyau za a ga waɗanda suka biya bashin. Akwai tsohon da ya yi haƙuri bai shiga rububi ba, aka kulle masa ajiyarsa. Akwai saurayin da ya shiga aiki daga baya, wanda ake yanka masa da yawa, zai kuma daɗe kafin ya huta, a kan alkawarin da aka yi tun yana makarantar firamare. Akwai kuma mai biyan haraji, wanda kuɗin gyaran titinsa ya tafi cike gurbi.

INDA BANGO YA TSAGE A WAƊANSU BIRANE

Ba ruwa da wa'adi kaɗai ne wuraren da shirin yake yoyo ba. A Los Anjalis an ɗaure waɗannan da kyau: wa'adi shekara biyar, ruwa kashi 5, kuma sai mai shekara 50 da ya yi shekara 25 yana aiki. Amma ba a ce dole mutum ya kasance yana zuwa aiki ba. A 2018 jaridar Los Angeles Times ta yi bincike ta gano cewa kusan rabin waɗanda suka shiga shirin a shekarun da ta duba sun tafi hutun jinya bayan shigarsu, waɗansu har fiye da shekara, suna karɓar albashi ana kuma tara musu fansho. Ba a ce duka ƙarya suke ba, domin gwiwa da bayan wanda ya yi shekara 25 yana hawa tsani da kaya sun ga jiya. Amma manufar shirin ita ce a sami gwani a bakin aiki, ba a gida ba. Daga watan Fabrairu na 2019 aka sa sharaɗi ga sababbin shiga cewa duk watan da mutum bai yi aikin awa 112 ba, ba za a rubuta masa fanshon watan a ajiya ba.

A Filadelfiya kuwa ƙofar da aka bari a buɗe daban ce. An buɗe shirin ga dukan ma'aikatan birni, har da zaɓaɓɓu. Sharaɗin shirin shi ne in shekara huɗu sun cika mutum ya tafi, amma sai waɗansu 'yan majalisar birni suka gano cewa suna iya yin ritaya a ƙarshen zangonsu, su karɓi dunƙule, su dawo a rantsar da su a sabon zangon da suka ci zaɓe. 'Yar majalisa Marian Tasco ta yi haka a ƙarshen 2011, ta karɓi kimanin dala 478,000, ta koma kujerarta bayan 'yan kwanaki. Lauyoyin birnin sun ce bai saɓa wa doka ba, amma jama'a sun fusata ƙwarai, kuma tun a 2009 majalisar jihar ta hana sababbin zaɓaɓɓu shiga shirin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Domin kada a zaci shirin ba ya gyaruwa, sai a dubi Jihar Fulorida. Ta fara da wa'adin wata 60 da ruwan kashi 6 da rabi. Da tattalin arziki ya tsananta, sai ta rage ruwan zuwa kashi 1.3 ga masu shiga daga watan Yuli na 2011. A 2023, da aka shiga ƙarancin ma'aikata, ta ɗaga shi zuwa kashi 4, ta kuma tsawaita wa'adin zuwa wata 96. Watau ta riƙe linzamin a hannunta, tana ja tana sassautawa gwargwadon hali, ba ta bar alkawarin shekarun yalwa ya bi ta har cikin shekarun fari ba.

KAMMALAWA

An ga cewa ritayar ajiya ta samo asali ne daga wata buƙata ta gaskiya, watau riƙe gogaggun 'yan sanda da 'yan kwana-kwana waɗanda doka ta ba su damar tafiya da wuri. An ga kuma cewa ga ma'aikaci musaya ce tsakanin dunƙulen yau da ƙarin fanshon gobe, ga asusu kuwa tana da tsada ko da an ce ba ta da ita. Wannan tsada takan tsaya inda za a iya ɗauka in wa'adi gajere ne, ruwa bai wuce abin da asusu yake samu ba, kuma ajiya tana fita daga hannun asusu a kan tsari sananne. Dalas ta saki ukun a lokaci ɗaya, kuma an ɗauki fiye da shekara 20 kafin sakamakon ya fito fili.

Shirin kamar yadda yake ba zai dasu a tsarin da Nijeriya ta ɗauka a 2004 ba, domin inda ba a yi alkawarin adadi sananne ba, babu fanshon da za a tsayar balle a tara. Amma tambayar da labarin ya tayar ta shafi duk inda ake yi wa ma'aikaci alkawarin tsufa. Waɗanda suka zauna suka amince da ruwan kashi 8 a Dalas, mafi yawansu ba sa kan kujerunsu ranar da aka zo biya. Saboda haka duk lokacin da aka kawo wani sabon tsari aka ce kowa zai samu kuma ba wanda zai rasa, ya kamata a tambaya: in shekara ta yi kyau wa zai ɗiba, in kuma ta ɓaci wa zai cike? Alkawari kaya ne, in ji Hausawa, kuma na fansho ya fi kowane nauyi, domin sau da yawa wanda ya ɗaure kayan daban, wanda zai ɗauka daban.